Yadda Ake Sana'ar Abincin Dare a Keken Doki

Fara da doki, keke ya biyo baya. Duk wanda ya ga hoton kekunan abincin nan na da, masu tagogin gilashi kala-kala da zane a jiki, keken ne ke fara tafiya da hankalinsa. To amma keke katako ne da ƙarfe, inda ka ajiye shi nan za ka tarar da shi. Dokin ne zai yanke maka yawan kayan da za ka ɗora, da nisan da za ka yi, da lokacin fita, kai har da irin abincin da za ka sayar. Na daɗe ina hulɗa da dawakin ja, na kuma daɗe ina bin zane-zane da hotunan kekunan da aka yi wannan sana'a da su a biranen arewa maso gabashin Amurka, daga 1872 zuwa farkon ƙarni na 20. Zan shimfiɗa maka aikin kamar kai ne za ka fita da keken yau da magariba a ɗaya daga cikin biranen nan. Ko labari kake rubutawa, ko kana son ƙera irin keken don baje kolin tarihi, ko kuwa sha'awa ce kurum, hanyar ɗaya ce.

Kafin komai, ka san wa za ka ciyar. A wancan zamani gidajen abinci a birnin Providence na jihar Rhode Island suna rufewa tun wajen ƙarfe 8 na dare, alhali gari cike yake da mutanen da a lokacin aikinsu ke kankama: masu jera haruffa da masu juya injin ɗab'i a gidajen jarida, 'yan sandan sintiri, ma'aikatan dare, da masu fitowa daga gidajen wasan kwaikwayo. Walter Scott ɗaya ne daga cikinsu, don shi ma ma'aikacin ɗab'i ne. Tun 1858, yana ɗan shekara 17, yake zagayawa da kwando yana sayar musu da burodi mai nama a tsakiya da gahawa. Da ciniki ya fi ƙarfin kwando, a 1872 ya ajiye aikin ɗab'i, ya samo ƙaramin keken dakon kaya mai rufi, ya huda masa taga a kowane gefe, ya ɗaura doki, ya je ya tsaya a gaban ofishin jaridar Providence Journal. Shekara 45 ya yi yana wannan sana'a, sai a 1917 ya ajiye ta. Ka lura, ba keke ya saya sannan ya shiga neman masu saye ba, masu sayen ne suka tilasta masa keke. Kai ma idan ba ka san wasu mutane da yunwa ke kamawa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kowane dare ba, kada ka sayi ko da igiya.

Zaɓen dokin

Ba dokin sukuwa kake nema ba, ba kuma ingarman da zai burge 'yan kallo ba. Dandaƙaƙƙen doki kake so, ko goɗiya mai sanyin hali, wanda ya wuce ƙuruciya, ya kuma saba da hayaniyar birni. Ga ƙaramin keke, mai nauyin kilo 500 zuwa 600 ya wadatar. Manyan kekunan da aka yi daga baya su ne ke bukatar gabjejen doki irin Percheron, waɗanda Amurkawa suka riƙa shigowa da su daga Faransa. A biranen kudu masu zafi alfadari ya fi jurewa. A New Orleans akwai keken alewa da Sam Cortese ya sa aka ƙera a 1915, alfadari ne ke jansa, kuma zuriyarsa ta ci gaba da fita da shi.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Sa a ɗaura masa keke a gabanka, kai ka riƙe kamazuru. Bi da shi ta inda taragon titi, wato taragon fasinja da dawaki ke ja a kan layin dogo, ke wucewa yana kaɗa ƙararrawa, bi ta gaban maƙera, bi ta inda yara ke guje-guje. Tsayar da shi ka sauka, ka ga ko zai tsaya cik ko zai yi ta taku yana waige. Sa shi ya ja da baya, sau biyu sau uku, domin kullum da baya za ka shigar da keke bakin titi, kuma dokin da ke gardama a nan zai ba ka kunya a gaban masu saye kowace yamma. Ɗaga ƙafafunsa huɗu ka duba kofato. Shafa ƙwaurinsa daga gwiwa zuwa ƙasa, kana neman kumburi ko zafi. Farin gashi a kafaɗar doki mai duhun launi tabon tsohon miki ne, alamar an yi aiki da shi da kayan da ba su dace da jikinsa ba. Sa shi ya yi ɗan sassarfa ka saurari numfashinsa. Idan kuwa ka ga majina mai kauri a hanci haɗe da ƙuraje da kaluluwa a ƙarƙashin haɓa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, don akwai cutar dawaki mai irin wannan alama da ke kama mutum ta kashe.

Za a yi maka tallan dawakin da kamfanonin taragon titi suka sallama, musamman bayan da taragon lantarki ya fara maye gurbinsu a ƙarshen shekarun 1880. Suna da araha, sun san birni, ba abin da ke firgita su. Amma tashi da tsayawa da tarago cike da mutane a kan dutse yakan cinye ƙafafun doki cikin 'yan shekaru. Araha ba ta ado. Idan za ka sayi irinsu, ka tafi da maƙerin da zai riƙa yi masa takalmi, shi ya duba maka.

Wurin kayan ja ne ake cutar da dawaki ba da niyya ba. Doki ba da wuya yake ja ba, da kafaɗa yake turawa, kuma abin da yake turawa shi ne kwala, zoben fatar nan mai cushe da ake zura masa ta ka. Idan ta zauna daidai, tafin hannunka a miƙe zai shige tsakanin ƙasanta da maƙogwaronsa, a gefe kuwa kan yatsu kawai za su shiga. In ta matse, ta shaƙe shi a hawa. In ta yi sako-sako, ta goge masa kafaɗa har ta yi miki, kuma doki mai miki a kafaɗa ya tashi daga aiki na makonni. Kowane doki da kwalarsa, ba a aro. Kullum ka kankare busasshen gumi daga cikinta, kuma ka riƙa sake gwadawa, don doki yana ramewa yana ƙiba amma kwala tana nan yadda take.

Akwai wani faffaɗan maɗauri da ke zagaye cinyoyinsa ta baya. Sababbin shiga suna raina shi, alhali da shi doki ke tare nauyin keke a gangara. In babu shi, ko ya yi sako-sako, keke zai gangaro ya buge shi a ƙafafun baya, kuma dokin da aka buga daga baya gudu yake yi, da kai da tukunyar gahawarka gaba ɗaya. Wajen ɗaurawa, ka sa masa kaya da linzami, ka ja shi da baya a hankali tsakanin sandunan keken biyu, ka ɗaura igiyoyin ja tukuna, sannan maɗaurin baya. Wajen kwancewa ka juya jerin: na baya tukuna, igiyoyin ja a ƙarshe. Sannan ga dokar da ba na yarda kowa ya karya a gabana: muddin doki yana ɗaure da keke, ba a cire masa linzami, ko don ya sha ruwa ne, ko don ya ci abinci, ko na minti ɗaya.

Cikin doki ƙarami ne in aka dubi girman jikinsa, ba ya kuma iya amai, saboda haka kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau uku ko huɗu a yini. Mai kilo 500 zai ci busasshiyar ciyawa kusan kilo 8 zuwa 10, ya sha ruwa lita 25 zuwa 45, fiye da haka in ana zafi. Hatsi kuwa gwargwadon aiki, kuma a nan mai keken abinci ke rufta. Dokinka ba ya wani aikin kirki. Ya kai keke da yamma, ya dawo da shi da safe, shi ke nan. Idan ka ɗura masa hatsi irin na dokin dako, ko dai ya yi ƙarfin kai, ko ya kamu da ciwon nan da masu dawakin birni suka fi gani ranar Litinin, bayan doki ya wuni a barga ranar Lahadi yana cin cikakken hatsi: a fito da shi, ya yi ɗan tafiya, cinyoyi su sandare, gumi ya keto, fitsari ya yi baƙi-baƙi. Ranar hutu ka rage hatsi zuwa rabi, ka kuma sa a zagaya da shi. Idan ka ga ciyar da doki don tafiyar awa ɗaya ya fi ƙarfin aljihunka, bargar haya tana kowace unguwa. Ka yi yarjejeniya a riƙa ba ka doki ɗaya tak kullum, ba wanda ya samu ba. Takalmin ƙarfe kuwa ana sabunta shi duk mako huɗu zuwa shida, titin dutse yana iya cinye shi kafin nan.

Keken

Iri biyu ne. Akwai irin na Scott, kai kaɗai a ciki, masu saye a tsaye a waje kana miƙa musu ta taga. Akwai kuma wanda mutane ke shiga, wanda Samuel Jones ya fara fitowa da shi a birnin Worcester na jihar Massachusetts a 1887. A 1891 Charles Palmer, shi ma a Worcester, ya yi rajistar zanen irin wannan keke, kuma zanen nasa ya cancanci a zauna a yi nazarinsa, don kowane abu a ciki da dalilinsa. Ƙafafun gaba ƙanana ne, suna shigewa ƙarƙashin jikin keken, saboda ya iya juyawa a matsattsen titi. Na baya dogaye ne, jikin keken ya ɗan tsuke a tsakaninsu. Kicin yana can baya, kanta ta raba shi da wurin zaman masu ci, inda aka jera kujeru marasa jingina. Taga ɗaya tana kallon hanyar masu tafiya a ƙasa, ɗaya kuma tana kallon titi, don mai karusa ya matso ya saya ba tare da ya sauka ba. Ke nan mutum ɗaya, ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, yana sallamar mutane ta fuska uku.

Bayansu sai Thomas Buckley ya zo ya ƙawata abin, da kekunansa da ya sa wa suna White House Café: farin fenti, tukunyar gahawa mai walƙiya, tagogi masu launi ɗauke da hotunan shugabannin Amurka. Ba na ganin wannan ado a matsayin almubazzaranci. A titin da ya yi duhu, fitilar kananzir a bayan jan gilashi ita ce allon tallanka, kuma gilashin da ba a gani ta cikinsa yana ba mai ci sutura. Amma kowane gilashi da kowace tayil nauyi ne a kafaɗar doki. Shawarata ka fara da ƙaramin mai taga. Idan sanyi da ruwan sama suka fara korar maka masu saye kana gani, lokacin babba ya yi.

Wajen lodi, ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ruwan gahawa da na wanke-wanke, da ƙanƙarar da za ta riƙe maka madara da nama, da galan na kananzir, da kai kanka, sun kai nauyin da ba ka zata ba tun ba ka ɗora ko burodi ɗaya ba. Masu nauyi su zauna a ƙasa, kusa da ƙafafun keke, a raba su daidai hagu da dama. Kowane katakon ajiya a yi masa baki, kofuna a rataye su a ƙugiya, kuma su zama masu kaurin nan da ba sa fashewa da wuri. Titin dutse yana girgiza keke fiye da yadda hoto ke nunawa. Ba a tafiya da risho a kunne, ba a tafiya da tafasasshen ruwa a buɗe. Duk mako ka cire ƙafafun ka shafa giris, ka shafa wa farantin ƙarfen da gaban keke ke juyawa a kai. Busasshiyar ƙafa tana kuka, kuma dokin ne ke biyan kuɗin wannan kuka da ƙarfinsa.

Abincin

Wannan lissafin nauyi shi ya haifi jerin abincin, ba wai ƙarancin basira ba. Girki a gida ake yinsa da rana, keke wurin yanka ne da miƙawa. Scott da kansa yake gasa burodinsa da fai, wato gashin fulawa mai 'ya'yan itace a ciki. Da senti biyar mutum zai sami burodi mai nama, ko dafaffen ƙwai da yankan burodi mai bota, ko yankan fai. Mai kuɗi a aljihu ya sayi farantin yankakkiyar kaza a senti 30. Ka duba jerin da kyau: ba miya, ba suya, ba abin da ke zuba ko ke bukatar cokali. Komai ana iya cinsa a tsaye da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da kofi. Naman da suka fi sa wa a burodi na alade ne, abincinsu ke nan. Wanda ba ya cinsa, dafaffen naman sa mai gishiri ko kaza suna yin aikin sarai.

Abu ɗaya ne dole ya kasance da zafi tun daga farkon dare har ƙarshensa, shi ne gahawa. Mutum zai yafe maka burodin da ya ɗan bushe, ba zai yafe maka gahawa mai ɗumi-ɗumi da ƙarfe 2 na dare a cikin hunturu ba. Kada ka dafa tukunya guda tun magariba ka bar ta tana dahuwa har asuba, ɗaci za ta yi. Ka riƙa sabuntawa daidai da lokutan da jama'a ke zuwa. Da risho ya samu wurin zama a manyan kekuna, sosej mai zafi a cikin burodi ya shigo, ya kuma zama abin da aka fi sanin kekunan da shi, don ba ya bukatar komai sai tukunyar ruwan zafi.

Kada ka zubar da guntattakin nama da ke taruwa a kan katakon yanka. Scott yakan daddatsa su ƙanana, ya kwaɓa da bota ko mustad, ya shafa a tsakanin burodi ya sayar. A sana'ar da ake tara riba senti-senti, wannan guntu shi ne kuɗin ciyawar doki.

Wurin tsayawa, da abin da za ka yi da dokin

Je ka ofishin hukumar birni ka yanki lasisi, ka nemi a rubuta maka takamaiman wuri. Wuri ɗaya kullum, lokaci ɗaya kullum, don ma'aikacin da aka ba hutun minti ashirin ba zai tsaya nemanka ba. Ka nemi ƙarƙashin fitilar titi, kusa da famfo, a ƙasa mai lebur. Ka nisanci inda karusan haya ke jeruwa, saboda wari da ƙuda. Kada ka tsaya a ƙofar gidan abincin da ke buɗe, mai shi yana biyan haya da haraji, kuma shi zai fara kai ƙararka. Babbar kishiyarka mashaya ce, domin da yawansu suna ba da abinci kyauta ga wanda ya sayi giya. Saboda haka ne ma wata ƙungiyar coci mai yaƙi da shaye-shaye, Church Temperance Society, ta fito da nata keken abincin dare a New York a 1893, don ma'aikaci ya sami inda zai ci abinci mai araha ba tare da ya shiga mashaya ba.

Da ka isa, ka ja keke da baya ya zauna, ka ɗaure birki, ka cusa waigi gaba da bayan ƙafafun baya, sannan ka kwance dokin a mai da shi barga. A nan nake so ka fi saurarena. Idan ka duba tsofaffin hotunan kekunan abincin dare, da yawa za ka ga ba doki a gaba, sanduna ne kawai, kuma haka ya kamata. Barin dabba tsaye a kan dutse awa goma cikin sanyi, da kaya a jikinta, zalunci ne, kuma tun 1866 da Henry Bergh ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a New York ake iya gurfanar da mutum a kan wulaƙanta doki. Ban da haka, doki yana kashin da ya kai kilo 7 zuwa 15 a yini, ga fitsari, duk a hancin masu cin abincinka. Sannan ko mafi haƙurin doki yana iya yin taku ɗaya in kare ya yi haushi, kuma taku ɗaya ya isa ya kifar da tafasasshen ruwa a ƙafarka. Ke nan bargarka kada ta wuce tafiyar minti goma sha biyar ko ashirin, kuma kana bukatar yaron da zai ja dokin ya tafi da shi, ya shayar da shi, ya goge shi, ya dawo da shi da asuba. Wannan yaro ba wurin tsimi ba ne.

Masu yawo da rana nasu daban ne. Masu tallan kayan marmari a keken doki, irin waɗanda har zuwa zamaninmu ake gani a Baltimore, dokinsu yana ɗaure wuni guda, saboda haka suna tafe da bokitin ruwa da jakar hatsi, suna neman inuwa a kowace tsayawa.

Cikin dare

Jama'a ba a jere suke zuwa ba, rukuni-rukuni suke zuwa: in an tashi daga gidan wasa, in an rufe mashaya, in jarida ta shiga inji, in 'yan aikin asuba sun fito. Cikin mako biyu za ka haddace lokutan. Tsakanin rukuni da rukuni ka yanka burodi, ka wanke kofuna, ka jera canji a inda hannunka zai kai ba tare da ka duba ba. Wanda ba ka sani ba, kuɗi tukuna sannan abinci. An san Scott da fizge hular wanda ya ci ya ƙi biya, ya riƙe ta jingina, yana kuma ajiye da kulki a kusa. Ni ban ba ka shawarar kulki ba. Ɗan sandan da ke sintiri a layinka ya fi kulki amfani, ka san sunansa, ka tabbata yana samun gahawa mai zafi. 'Yan sandan ma suna ganin abin da ke shiga aljihunka: a 1883 wani ɗan sandan Providence, Ruel Jones, ya tuɓe kaki ya buɗe nasa keken. Bashi kuwa hanji ne, ba za ka guje masa ba tunda masu sayenka mako-mako ake biyansu. Ka buɗe littafi, ka sa wa kowa iyaka, ranar biya ka tuna masa tun bai kai mashaya ba.

Riga biyu za ka yi, ta barga da ta abinci, kada su haɗu. Hannun da ya taɓa kofato ko kwala sai ya ga sabulu kafin ya taɓa burodi. Bokiti biyu na wanke kofi, ɗaya na wanki ɗaya na ɗauraya, kuma a riƙa canza ruwan. Zazzaɓin taifot ya yi ta'adi a biranen wancan zamani, kuma ta ruwa da abinci da hannu yake bi. Wuta kuma: kana cikin akwatin katako mai fenti, da risho da fitilu. Ba a zuba kananzir a risho mai zafi, ba a zuba shi a cikin keke. Ka ajiye bokitin yashi a gefen ƙafarka, don ruwa ba ya kashe wutar kananzir, yaɗa ta yake yi. Komai sanyi ka bar 'yar kafa a rufi hayaƙi ya fita.

Hunturu shi ne lokacin ciniki, shi ne kuma lokacin haɗari. Tun kafin ƙanƙara ta sauka ka sa maƙeri ya yi wa takalman dokin haƙora masu kama ƙasa. Dusar ƙanƙara tana dunƙulewa a cikin kofato har doki ya riƙa tafiya a kan dunƙule, shafa maiƙo a ciki yana rage wannan. Idan ya yi gumi, a lulluɓe shi da bargo kafin iska ta buge shi. Layin dogon taragon titi kuwa, rani da hunturu, a miƙe ake tsallake shi ba a karkace ba, in ba haka ba ƙafar keke ta faɗa cikin layin ta maƙale.

Ka kuma tanadi abin da za ka yi ranar da doki ya kwanta. A shekarar da Scott ya fara fita da keke, 1872, murar dawaki ta ɓarke a kusa da Toronto ta Kanada, ta bi biranen Amurka ɗaya bayan ɗaya, har taragon titi ya tsaya, kaya suka taru a tashoshi. Lokacin da babbar gobarar Boston ta tashi ranar 9 ga Nuwamba na shekarar, mutane ne suka ja injinan kashe gobara da hannu. Dokin da ke tari da zazzaɓi hutu yake so, wanda aka tilasta wa aiki shi ya fi mutuwa. Ka san tun yau bargar da za ta ara maka wani. In duk gari ne ya kamu, ƙaramin keke maza uku ko huɗu suna iya tura shi, wani dalilin ke nan na farawa da ƙarami.

Da gari ya waye

Ka tashi da wuri, tun kafin kekunan dako su cika titi. Kashe risho, bari ya huce, zubar da ruwan zafi, share wurin da ka tsaya har ɓawon ƙwai, sannan a ɗaura doki. Maƙwabta suna haƙuri da keken dare ne muddin da safe ba su ga alamarsa ba. Da kekuna suka yi yawa, har Providence ta kai kusan 50 a 1912, hukumomi sun tsananta, aka wajabta su bar titi kafin ƙarfe 10 na safe. Masu wayo sai suka nemi ɗan fili a gefen titi suka yi haya, suka ja keke ciki, suka rufe ƙafafun da katako, suka jawo ruwa da wuta, suka koma ciniki dare da rana. Kamfanoni irin su Worcester Lunch Car, wanda aka kafa a 1906, suka shiga ƙera manya waɗanda sau ɗaya ake jansu a ajiye, kuma daga nan ne ƙananan gidajen abincin nan na Amurka masu siffar tarago suka samo asali. Idan cinikinka ya kai nan, ka yi. Amma dokin da ya yi maka shekaru yana kai ka yana dawo da kai, kada ka miƙa shi ga mai dakon da ya fi kowa tayi. Ka nemar masa gona ko mai ƙaramin aiki, ka je da kanka ka ga bargar, ka kuma haɗa masa da kwalarsa.

Wanda yake son ƙera irin keken, ya samu awo daga na gaske. Akwai guda ɗaya mai suna Owl da ya yi aiki a Detroit, inda Henry Ford, wanda daga baya ya kafa kamfanin motocin Ford, ke cin abincin dare a shekarun 1890 lokacin yana injiniya a kamfanin wutar lantarki na Edison. Ford ya saye shi a 1927, yanzu yana Greenfield Village, wani wurin adana kayan tarihi a garin Dearborn na jihar Michigan. Ka duba tsayin taga daga ƙasa, da faɗin kanta, da tazarar da ke tsakanin mai sayarwa da tukunyar gahawa, da yadda ƙafafun gaba ke shigewa ƙarƙashi. Ka auna jikin, ka lissafa nauyin katako da gilashin da za ka sa, ka haɗa da na ruwa da kaya, sannan ka kai wa wanda ya san dawaki wannan lissafi kafin kafinta ya yanka katako na farko.